Shukar rufe ƙasa a gida: kyan ɗan maciji ko gwandar daji?

 Ga bayanin da muka yi a shirin noma da kiwo na wannan mako. Mun sa shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya, da wanda yake so a sake karanta masa a gida.

Tushen zancen wata tambaya ce da wata baiwar Allah ta aiko mana daga unguwar Kpangalam a Sokode. Ta ce gidanta a kan gangare yake, kowace damina ruwa na kwashe ƙasar bayan ɗaki, har gindin katanga ya fara bayyana. Wani mai sayar da furanni ya ba ta shawara ta dasa wata 'yar shuka mai yaɗuwa, mai fure launi-launi da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe. Ya ce kafin damina biyu za ta rufe wurin ruf, kuma ba ta neman ban ruwa. Sai ta ce: "Ina da raguna uku da nake kiwatawa don Layya, ga jikoki suna wasa a wurin. In dasa ko in bari?"

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki dasa. Rufe ƙasa da shuka dabara ce mai kyau, amma wannan da aka kwatanta miki kada ki bari ta kwana a gidanki. Za mu faɗi dalili, sannan mu faɗi abin da za ki dasa a madadinta.

Me ya sa ƙasa ke son rufi

Sokode na samun ruwan sama da ya wuce milimita 1,200 a shekara, kuma mafi yawansa yana sauka ne daga Yuli zuwa Satumba. Dapaong, da ke kusan kilomita 300 a arewa, ruwanta bai kai haka ba, yana wajen milimita 1,000, amma yana zuwa da ƙarfi bayan dogon rani, lokacin da iskar hunturu da zafin bazara suka bar ƙasa tsirara.

Ɗigon ruwa idan ya faɗo kan ƙasa tsirara, dukanta yake yi. Yana farfasa ta ya mai da ta laka, lakar ta toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse. Daga nan sai ruwan ya kama gudu a sama, ya ɗebi ƙasa mai kyau ya tafi da ita. Abin da ya bar gidan Hajiya, shi ne jan ruwan da kuke gani a rafin Kpondjo da na Kpandi bayan an ɗauke ruwa. Yau 'yar hanya ce da yaro zai tsallake, baɗi ta zama kwazazzabo.

Gajeriyar shuka mai rassa da yawa tana karya wannan dukan. Ganye ne ke karɓar ɗigon, rassan da ke kusa da ƙasa su rage wa ruwa gudu, saiwa ta riƙe ƙasa. Ganyen da ya zube kuma ya zama abincin gara da tana, su kuwa suna huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga. To, a nan mai furanni bai yi ƙarya ba. Matsalar ita ce irin shukar da ya zaɓa.

Sunanta lantana

Yadda Hajiya ta kwatanta, wannan ita ce masu furanni ke kira lantana. Kun sha ganinta a shingen gidaje da ofisoshi da bakin titi. Ga yadda za ku gane ta. Ka murza karanta tsakanin yatsu, za ka ji yana da kusurwa huɗu, sau da yawa da 'yan ƙananan ƙayoyi. Ganyen yana da kaushi kamar harshen kyanwa, bakinsa zarto-zarto, idan ka murje shi sai wari mai ƙarfi ya tashi. Furen ƙanana ne a dunƙule, dunƙule ɗaya na iya haɗa rawaya da ruwan lemo da ja, ko fari da ruwan hoda. 'Ya'yan kamar ƙwayar barkonon masoro suke a cure, kore ne da fari, in sun nuna su yi baƙi suna sheƙi. Akwai kuma ƙanwarta mai jan ciki a ƙasa, mai fure shunayya, wadda ake sayarwa musamman don rufe ƙasa.

Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Turawan Holan suka kai ta Turai a ƙarni na 17 saboda kyan fure, daga can aka bi da ita ƙasashe masu zafi. Ta isa Indiya a farkon ƙarni na 19, an rubuta ta a Ostareliya a 1841, a Afirka ta Kudu a 1858. Ko'ina a lambun ƙawa ta fara. Yau a Ostareliya ta cinye kimanin hekta miliyan 4, ciki har da makiyaya mai yawa, ita ma ƙanwar mai jan ciki ta kori ciyawa daga filayen kiwo a jihar Kwinsland. A shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna idan suka shiga ƙasar da ba tasu ba.

Yaya ake yi shukar cikin tukunya ta ci daji? Gindi ɗaya babba na iya ba da 'ya'ya har 12,000 a shekara. Tsuntsu ya ci a gidanka, ya je ya yi kashi a bakin rafi ko a burtali, sai ta tsiro can. Reshen da ya taɓa ƙasa mai laima yana yin saiwa. Ka sare ta, ta toho daga gindi. Inda ta yi duhu kuwa, ciyawa ba ta tashi a ƙarƙashinta. Saurin da mai furanni ya yaba, shi ne aibinta. Abin da ka dasa a gidanka ba ya tsayawa a gidanka.

Abin da take yi wa dabba

Makiyaya, nan ne naku. Ganyen lantana na ɗauke da dafi da ke kama hanta. Shanu da tumaki sun fi shan wahala, awaki ma ba su tsira ba. Hukumar noma ta Kwinsland, inda aka daɗe ana asarar shanu da ita, ta ce ɗanyen ganye da ya kai kashi 1 cikin 100 na nauyin dabba na iya sa ciwo, ko da yake wani iri ya fi wani dafi. Ku yi lissafi: saniya mai kilo 300, kilo 3 ke nan. Ragon Hajiya mai kilo 40, bai kai rabin kilo ba.

Ga yadda abin ke tafiya a cikin jiki. Dafin yana hana ruwan ɗaci fita daga hanta zuwa hanji. Ruwan ɗacin sai ya koma cikin jini, shi ya sa farin ido da dasashi ke komawa rawaya, irin ciwon shawara. Sannan koren ciyawar da dabba ke ci kullum, in ya narke a tumbi yana barin wani abu da hanta ke fitarwa tare da ruwan ɗaci. Tun da hanya ta toshe, sai abin nan ya taru a jini ya isa fata, rana na taɓa wurin sai ya ƙone. Shi ya sa ake ganin hanci da kunne da gefen ido da hantsa, duk inda gashi ko duhun fata ya yi ƙaranci, suna kumbura, su tsage, fata ta riƙa ɗayewa. Na uku, tumbi yana daina motsi, don haka ganyen ya zauna a ciki yana ta sakin dafi kwana da kwanaki.

Alamun farko su ne dabba ta ƙi ci, ta daina tuƙa, ta ware daga garke tana neman inuwa. Kashi ya yi tauri ko ya ƙi fita, fitsari ya yi duhu. Wadda ta ci da yawa tana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 4, wata kuma ta ja mako 1 zuwa 3 tana ramewa. Ko an yanka, mahauci zai ga kitse da nama sun yi rawaya, mai duba nama ba zai bari ya shiga kasuwa ba.

Wani zai ce, ai awakin unguwarmu suna wucewa ta gabanta ba sa kulawa. Gaskiya ne, dabbar da ta tashi da ita takan guje ta saboda wari. Wadda ke faɗawa ita ce baƙuwa, da mai jin yunwa. Ku dubi su wa ke nan a wajenmu: garken da ya gangaro daga arewa da rani bai san shukar ba, ga shi ita ce kore lokacin da ciyawa ta bushe. Sai ragunan da aka loda a Sinkase ko Dapaong, suka yini a mota ba ci ba sha, aka sauke su a Sokode aka ɗaure a jikin shinge kafin direba ya huta. Ragon da ke jin yunwa ba ya zaɓe. Kafin ka ɗaure igiya, Alhaji, dubi abin da ke jikin shingen.

Idan abin ya riga ya faru, ka janye sauran dabbobi daga wurin, ka sa mai ciwon a inuwa mai duhu, kada ta ga rana. Ka ajiye mata ruwa mai yawa, ka kira likitan dabbobi a ranar, ka tafi masa da reshen shukar ya gani. Maganin da ake yi shi ne ɗura wani gawayi na musamman da aka sarrafa, tare da ruwan gishiri-gishiri mai yawa, don ya kama dafin tun yana cikin tumbi. Ba gawayin murhu ba ne, kuma likita ke auna shi da nauyin dabba. Ɗuren gaggawa da kwalba na iya sa ruwa ya faɗa huhu, a ƙara ciwo kan ciwo. Wanda ya yi sauri shi ke samun dabbarsa.

Yara kuma, ɗanyun 'ya'yan masu kore su ne haɗari, suna sa amai da gudawa da kasala. Yaro ba ya tsayawa rarrabe kore da baƙi, don haka a hana gaba ɗaya. In ya ci, a kai shi asibiti tare da reshen.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani da wuri. A yankin Busoga na ƙasar Uganda, daga 1976, an yi annobar ciwon barci. Gonakin auduga da na kofi da aka watsar a zamanin Idi Amin sun cika da lantana, ƙudan tsando ya samu inuwa ya hayayyafa har kusa da gidaje. Makiyayi ba sai an gaya masa abin da tsando ke kawowa ba, ya san sammore.

In tana gidanka

Kada ka sare kawai, tonewa za ka yi. Ka jira ƙasa ta jiƙe, ka sa riga mai dogon hannu don tana sa ƙaiƙayi, ka tono gindin da kan saiwar gaba ɗaya. Gara a yi kafin ta yi 'ya'ya. Ka tara rassan a inda dabba ba ta isa, su bushe sarai, sannan ka ƙone. Kada a jefa ta bayan katanga ko a juji ko a rafi: reshen na iya kamawa, kuma akuyar maƙwabci na cin abin da aka zubar. Bayan kowane ruwa ka zagaya ka cire ƙananan da suka tsiro, don irinta na jira a ƙasa. Wurin da ka tone kuma kada ka bar shi tsirara.

Abin da za ki dasa, Hajiya

Amsar tana dajin da ke bayan gari: gwandar daji, wadda Fulani ke ce wa dukkuhi. Kowa da ya yi kiwo yana yaro ya san ta. Ganyenta faffaɗa ne mai shuɗi-shuɗi, da ƙanshi in an murza. 'Ya'yanta sun yi kamar ƙwan kaza ko ƙasa da haka, in sun nuna su yi rawaya zuwa ruwan lemo, da zaƙi da ƙanshi. Tana tsirowa da kanta tun daga Sokode har Dapaong, don ruwan wuraren biyu ya ishe ta. Wuta ta bi ta kanta, ta sake tohowa daga saiwa. Dabbobi na taɓa ganyenta ba tare da an ji komai ba. Kuma 'yar gida ce, ko tsuntsu ya kai irinta daji, gida ta koma.

Mu faɗi gaskiya, ba ta shimfiɗuwa kamar tabarma. In an bar ta takan wuce tsayin mutum. Amma ku tuna yadda take a filin da ake ƙonewa kowace shekara: gajera, iya ƙugu, da kara da yawa daga gindi ɗaya. Abin da wuta ke yi a daji, shi za ki yi da adda a gida. Sannan tana zubar da ganye da rani, kuma ba ta da gaggawa. Mai son rufi cikin wata biyu sai ya haɗa ta da wani abu, za mu zo kansa.

Da farko a gyara hanyar ruwa. A jera duwatsu a gicciye da gangaren, layi-layi, kowane layi a kwance daidai, kada wani gefe ya fi wani gangara, in ba haka ba ruwa zai taru a kusurwa ɗaya ya fasa. Wanda ya bi ta garin Kara ya ga yadda Kabiye suka riƙe ƙasar duwatsunsu da wannan dabara tun kakanni. Shukar za ta zauna a saman kowane layi, inda ƙasa da laima ke taruwa.

Hanyar samun dashe biyu ce. Ta farko ita ce toho: gwandar daji na fitar da 'ya'yan tsiro daga saiwarta, musamman inda fartanya ko kofato ya ji wa saiwar rauni. A farkon damina, bayan ruwa ya zauna, a nemi ƙaramin toho a gona, da izinin mai gonar, a yanke shi da guntun saiwa da ƙasarsa, a rage masa ganye, a dasa a ranar da yamma. Ba duka ke kamawa ba, don haka a ɗebo fiye da yadda ake bukata, kuma kada a tumɓuke uwar. Ta biyu ita ce iri. A wanke ƙwallayen 'ya'yan da suka nuna sosai, a ɗan goga gefe ɗaya a kan dutse don ɓawon yana da tauri, a jiƙa kwana ɗaya, a shuka a leda ƙarƙashin inuwa. Kada a ajiye iri ya wuce wata 6, ƙarfinsa na tafiya. Ba ya tsirowa lokaci ɗaya, sai haƙuri.

Rami ya kai kamu biyu zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba. Tsakanin gindi da gindi taki biyu na ƙafa, layi na biyu ya faɗa a tsakanin na farko, kamar duwatsun murhu. A Sokode ana iya farawa daga Mayu, a Dapaong gara a jira Yuni ko farkon Yuli. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, don ragunanki ma suna so. Ranin farko tana bukatar ruwa, bokiti ɗaya a mako ga kowane gindi, ruwan wanke hatsi ma ya yi. Daga shekara ta biyu ta tsaya da ƙafarta.

Idan kara ya kai gwiwa, a tsinke kansa don ya yi rassa a gefe. Kowace shekara, bayan an gama cin 'ya'ya, a rage wanda ya wuce ƙugu, a bar na ƙasa. Ganyen da ya zube kada a share, shi ne bargon ƙasa da rani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin ta cika wuri, a rufe tsakani da abin da muka saba: dankali, ko wake mai yaɗo, ko kabewa. Cikin makonni za su lulluɓe ƙasa, ki samu na tukunya, raguna su samu harawa. Kowace damina a sake, har gwandar ta haɗe.

Abu biyu a kula. Ana share tsakar gida ƙal saboda maciji da kunama, kuma wannan tsoron yana da tushe. Don haka a bar fili taki biyu ko uku tsakanin shuka da bangon ɗaki, a bar hanyar wucewa a share, rufin ya zauna a gangare da gindin katangar waje. Na biyu, a koya wa yara su sha 'ya'yan su tofar da ƙwallo, kada su tauna. 'Ya'yan ba sa jimre tafiya, saboda haka kada wani ya yi lissafin lodi zuwa Lome. Na gida ne da na tire a bakin tasha.

Mai gona kuma, wataƙila ba sai ka dasa komai ba. A jihar Maradi ta Nijar, tun daga 1983, manoma suka fara barin kututturen da ke tohowa a gona, suna zaɓar kara mai ƙarfi suna rage sauran, maimakon su sassabe duka. Suna kiran abin sassaben zamani. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi. An ƙiyasta ya farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. In gwandar daji na tohowa a kan iyakar gonarka ko a bakin kwazazzabo, ka bar ta, rabin aiki ya riga ya ƙare.

'Yan kasuwa masu ɗauko tukunyar fure daga wata ƙasa a matsayin tsaraba, ku tambayi sunan abin da kuka ɗauko. Wanda yake shakkar wata shuka, ya karyo reshe da fure ya nuna wa malamin gona na ICAT ko likitan dabbobi mafi kusa. Ardo da masu unguwa, in kun ga lantana ta fara a mashaya ko a burtali, a yi gayya a tone ta tun tana gindi biyar.

Hajiya ta Kpangalam, ki mayar wa mai furanni da abinsa, ki gaya masa dalili, wataƙila shi ma bai sani ba. Allah ya tsare raguna har ranar Layya, ya raya jikoki su ci daga abin da kika dasa. Masu tambaya su ci gaba da aikowa.